Halin Aro da Halin Gado a Jikin Tsiro

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare a Sharaɗa ya gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshe



 Da aka ba ni dama in zaɓi abin da zan yi magana a kai, sai na ce tsirrai. Wani abokin aikina ya tuntsire da dariya, ya ce, "Malam, a Sharaɗa? Inda hayaƙi ya fi ganye yawa?" Ban ba shi amsa a ranar ba. Ina fata kafin in sauka daga nan zai same ta.

Da labarin wata asara da na tafka zan fara, domin ita ce ta kai ni ga wannan karatu. Kamar da yawa daga cikinmu, ina ɗan taɓa noma a gefen koyarwa. Ina da gonar gado a ƙauyenmu, arewa da Kano, can wajen Ɗambatta. Wata bazara na shiga kasuwar hatsi, idona ya faɗa kan wata dawa fara tas mai manyan ƙwayoyi, kai ka ce wanke ta aka yi. Na tambayi mai ita daga ina take, ya ce daga kudancin Kaduna. Mutumin nan bai cuce ni ba. Abinci yake sayarwa, ni ne na mai da shi iri. Na auni kwano biyu. Da ruwa ya zauna na shuka ta a rabin gonar, ɗaya rabin kuwa na sa kaurar da muka saba da ita tun zamanin kakanmu.

Har cikin watan Agusta ni ne gwanin ƙauye. Baƙuwar dawa ta yi kara kamar rake, ganye shar, ta kere tamu ta gida nesa ba kusa ba. Masu wucewa kan tsaya su tambayi inda na samo ta. Da Satumba ta raba, kaurarmu ta yi ciki, ta fitar da kai, ta yi bununi. Baƙuwa kuwa ko a jikinta, ƙarin ganye kawai take yi. Ruwa ya ɗauke. Sai da ƙasa ta bushe, iskar kaka ta fara kaɗawa, sannan ta tuna da zancen haihuwa. Ta fitar da kai, amma babu damshin da zai cika mata ƙwaya. Abin da na kwasa a wannan rabin gona kara ne, na kuwa yi darni mai kyau da shi. Baffana, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya zagaya gonar ya dawo, ya ce mini, "Ɗana, dawar nan ba ta da laifi. Ruwan garinsu take jira."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Rana ɗaya na shuka su, taki ɗaya na ba su, ruwan sama ɗaya ya sauka a kansu. To, a ina baƙuwar ta ajiye lissafin ruwan garinsu, har ta taho da shi a cikin buhu?

Kafin in shiga amsa, a ba ni dama in daidaita kalmomi biyu, don kada mu yi ta karo da juna. Kalmar "iri" a Hausa tana ɗauke da kaya masu yawa: ita ce ƙwayar da ake shukawa, ita ce nau'in abu, ita ce kuma asalin da mutum ya fito. A wannan jawabi, idan na ce "jinsi", ina nufin babban gida, wato dukan tsirran da za su iya barbarar juna su haifi ƙwaya mai tsirowa. Dawa duk jinsi ɗaya ce. Idan na ce "iri", ina nufin ɗakunan da ke cikin gidan, kamar kaura da farafara. Bambancin dawa da masara kowane yaro ya san shi. Abin da ya dame ni shi ne bambancin da ke tsakanin 'yan gida ɗaya.

Wannan bambanci ta ƙofa biyu yake shigowa. Na raɗa musu suna don sauƙin koyar da yara: halin aro da halin gado.

Halin aro shi ne abin da wuri ya yi wa tsiro a cikin rayuwarsa. Ku je gindin darbejiyar da ke harabar makarantarku, ku tsinko ganye daga reshen da ke shan rana a waje, ku tsinko wani daga can ciki inda inuwa ta lulluɓe. Za ku ga na inuwa ya fi faɗi da laushi, na rana ya fi ƙanƙanta da kauri. Itace ɗaya ne, saiwa ɗaya, babu zancen bambancin asali. Na inuwa ya baje ne don ya kama ɗan hasken da ke isowa gare shi, na rana kuwa ya tsuke don kada ruwan jikinsa ya ƙare. Ko kuma a sare karan rogo ɗaya gida biyu, a dasa rabi a jigawa, rabi a ƙasa mai taki da damshi. Bayan wata uku wanda bai sani ba zai rantse iri biyu ne. Alayyafon da aka yafa ya yi cunkoso yakan yi tsawo ya sirance saboda tseren neman haske, alhali ɗan'uwansa da ya sami sarari ya yi rassa ya baje. A galibi irin wannan hali ba ya bin ƙwaya. Idan ka ɗebi irin siririn alayyafon ka ba shi fili, 'ya'yansa za su baje.

Halin gado kuwa shi ne wanda ke rubuce a cikin ƙwayar, mai bin ta duk inda aka kai ta. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, har da wasu littattafan da muke koyarwa da su. Sukan yi magana kamar tsiron ne ya ga fari ya yi dabara, ya koya wa 'ya'yansa. Abin ba haka yake tafiya ba. Yanayi rariya ce. A kowace gona akwai tushen da ke saurin nuna, akwai mai nawa, akwai mai doguwar saiwa, akwai mai gajeriya. Tun asali ba su zama ɗaya ba. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, masu sauri ne za su cika ƙwaya, daga cikinsu kuma manomi zai ware irin baɗi. Idan haka ta maimaita kanta shekara da shekaru, sai a wayi gari yawancin gonar masu sauri ne, ba tare da wani tushe ɗaya ya sake halinsa ba. Tankaɗe aka yi, abin da ya wuce ta rariya shi ya zama irin garin.

Hausawa suna da karin magana biyu da na daɗe ina ganin kamar suna musu da juna. Sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, sun kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A jikin tsiro kowannensu yana da gaskiyarsa. Wahalar ita ce, da ido kawai ba za ka iya cewa gajartar wannan tushe gado ce ko aro ce ba. Gajeren geron da ka gani a tudu, ko iri ne gajere, ko kuwa dogo ne yunwa ta hana shi tashi.

Hanyar rarrabewa ɗaya ce, mai sauƙi kuma, har ɗan aji huɗu zai iya ta: a kawo su wuri ɗaya a shuka. Abin da ya ɓace aro ne, abin da ya tsaya gado ne. Wasu masana uku a Amurka, Clausen da Keck da Hiesey, sun shafe shekarun 1930 da 1940 suna wannan aiki a jihar Kalifoniya, inda ƙasa ta tashi daga bakin teku har ƙwanƙolin duwatsu masu ƙanƙara. Sun kafa lambuna uku: ɗaya a Stanford kusa da teku, ɗaya a tudu mai tsayin mita 1,400, ɗaya kuma a wajen mita 3,000. Suka tattaro wani tsiron daji mai ƙananan furanni farare daga wurare daban-daban, suka tsaga kowane tushe gida-gida kamar yadda muke yi wa rogo, suka dasa yanki a kowane lambu. Kowane tushe ya sauya tsayinsa gwargwadon lambun da aka sa shi. Wannan aro ne. Amma 'yan kan dutse ko da aka sauko da su ƙasa mai daɗi ba su kamo tsawon 'yan bakin teku ba, 'yan bakin teku kuwa da aka hau da su sama yawancinsu sanyi ya halaka su, ko ya riske su kafin su yi 'ya'ya. Wannan gado ne. Ni ma ashe irin wannan gwaji na yi a gonata ba da niyya ba, sai dai ni rabin abincin shekara na biya kuɗin makaranta.

Na lura wasu daga cikin iyayenmu suna murmushi, na kuma san abin da ya zo musu a rai: ɗalibai. Ba zan bi wannan hanya da nisa ba, domin yaro ba gero ba ne. Abu guda kawai zan ɗauko. Mai binciken tsirrai ba ya yarda bakinsa ya furta "gado ne" sai ya ba tushen biyu ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya. Mu kuwa a ofishin malamai mukan ce "ai irinsu ne, ba sa ja" game da yaron da ya zo aji ba karin kumallo, muna gwada shi da wanda aka kawo a mota. Na faɗa ne don ni ma na taɓa furta ta.

Mu koma ga dawata. A ina ta ajiye lissafin? A cikin tsawon dare. Kano tana kan layi na 12 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Yuni yininmu yakan kai kusan awa 12 da minti 50, a ƙarshen Disamba ya sauko kusan awa 11 da minti 25. Mu mukan lura da wannan ne ta yadda magariba ke matsowa ko ta ja baya. Ganyen dawa yana da wani sinadari mai jin haske, da shi yake auna wannan canji, kuma awonsa ya fi namu kaifi, don bambancin 'yan mintoci ya ishe shi. Irin dawarmu ta gargajiya ba ta fara shirin fitar da kai sai dare ya kai wani tsawo da ke rubuce a cikin gadonta. Wani masani mai suna Curtis, wanda ya yi aiki a Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, ya wallafa bincike a 1968 a kan dawar Nijeriya. Ya nuna cewa irin kowane yanki yana fitar da kai ne daidai lokacin da ruwan wannan yanki ya saba ɗaukewa. Na arewa yana yi da wuri, na kudu yana jinkiri, kowanne da agogon garinsu.

Ku dubi hikimar da ke cikin wannan. A ƙasarmu farkon damina ba shi da alkawari. Wata shekara a yi shuka a ƙarshen Mayu, wata shekara sai Yuli ta kama. Ƙarshenta ya fi tsayawa a kan lokaci. Da dawa kwanaki take ƙirgawa daga ranar shuka, da wadda aka shuka da wuri ta nuna a tsakiyar marka, ruwa ya yi ta dukan zangarniya har ta yi baƙi ta yi fumfuna. Da yake dare take aunawa, ko yaushe aka shuka ta za ta fitar da kai gab da ɗaukewar ruwa, ta cika ƙwaya da ragowar damshin ƙasa, ta bushe cikin iskar kaka. Ga kuma wata riba: gonakin gari duk tare suke nuna, saboda haka tsuntsaye ba sa taruwa a kan gonar mutum ɗaya. Kudancin Kaduna yakan sami ruwan da ya kai milimita 1,500 a shekara, damina kuma takan kai ƙarshen Oktoba. Zariya takan haura 1,000, Kano ba ta kai Zariya ba, Maraɗi kuwa wajen 500 take samu. Dawar da na saya an tankaɗe ta ne da rariyar doguwar damina. Gaskiyar Baffa ce.

Wake ma haka yake, har ya fi ban mamaki. Kanannado da muke shukawa cikin gero da damina yakan yi yaɗo ya rufe ƙasa, ya ba da harawa mai yawa, ba ya fure sai kwanaki sun fara gajarta. Amma wanda ya kai shi lambu da rani, lokacin da yini ya riga ya gajarta, zai ga ya tsugune wuri ɗaya kamar wada, ya yi fure tun yana ƙarami. Ƙwaya ɗaya, kamanni biyu. A nan aro da gado sun sarƙe: siffar da ya ɗauka ta aro ce, amma ikon jin tsawon yinin da ya sa shi ɗaukar ta gado ne. Akwai irin waken da masana na Samaru da na cibiyar IITA da ke nan Kano suka fitar wanda ba ruwansa da tsawon yini, kwanakinsa kawai yake ƙirgawa ya nuna.

Wani zai ce, to, wannan tankaɗe ai aikin ɗaruruwan shekaru ne, me ya shafe mu da shi? Nan ne labarin gero ya shigo, shi ne kuma ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na karanta.

Gero ɗan ƙasar nan ne. Mafi tsufan burbushinsa da aka tono a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali ya kai shekara 4,500. Gero da maiwa da dauro duk jinsi ɗaya ne, ko da yake gero yakan nuna cikin kamar wata uku, maiwa ta jira gajartar yini kamar dawa, dauro kuma a yi masa dashe. Gero yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da dawa da wake. Zangarniyarsa takan fara fitar da wani farin gashi mai laushi, wanda shi ne ɓangaren mace, kwana biyu ko uku kafin nata bununin ya fito. Saboda haka yawanci bununin wani tushe ne iska ke kawo mata. Shi ya sa gonar gero ba ta taɓa zama bai ɗaya. Ka tsaya a bakinta za ka ga dogo da gajere, mai kauri da siriri, wanda ya riga da wanda ya makara. Mai son tsari zai ga kamar hargitsi ne, alhali nan ne rariya take samun abin tankaɗewa.

A 1976 masu bincike na wata cibiyar Faransa, wadda a yau ake kira IRD, suka zagaya Jamhuriyar Nijar suka karɓi irin gero daga hannun manoma, suka adana. Wannan bayan farin 1972 da 1973 ke nan. Sai ga na 1984, wanda mutanen Nijar suke kira El-Buhari, da sauran shekaru masu ƙarancin ruwa. A 2003 aka koma waɗannan ƙauyuka, kusan 80, tare da masanan Nijar, aka sake karɓar iri. Daga nan aka shuka tsohon da sabon gefe da gefe a tashar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, har damina uku. Sakamakon ya fito a 2011, Yves Vigouroux ne ya jagoranci rubuta shi. An tarar manoma ba su yar da irinsu na gargajiya ba. Sunayen da aka ji a 1976 su aka sake ji a 2003. Amma geron da ke ɗauke da sunayen ya motsa. Na 2003 ya fi saurin fure, ya fi gajarta, zangarniyarsa ma ta ragu. Da aka duba ƙwayoyin gadonsa, aka ga wani nau'i mai sa saurin fure, wanda ke da alaƙa da sinadarin nan mai jin haske, ya kusa ninka yawansa. Tazarar ba mai girma ba ce idan tushe ɗaya ka kalla, amma a faɗin ƙasa guda ta bayyana sarai, cikin damina 27 kacal. Da yawa daga cikinmu a ɗakin nan mun fi haka shekaru a duniya; wasu sun fi haka a bakin allo.

Abin da na fahimta daga nan shi ne, tsohon da ke zaune a gindin rumbu yana ware zangarniyar iri, yana jinjina wannan yana ajiye waccan, abokin aikin yanayi ne, ko ya sani ko bai sani ba. Irin da ke hannunsa rajista ce ta damunan da garin ya gani. Ba ina kushe irin zamani ba ne. Ni kaina ina shuka geron SOSAT a wani ɓangare, ina kuma jin daɗinsa, waken nan mai saurin nuna ya fitar da gidaje da yawa daga yunwar tsakiyar damina. Abin da nake jin tsoro shi ne gari ya wayi kowa iri ɗaya yake shukawa, na gida ya ƙare a tukunya. Ruwan yanzu ya rikice: ya zo da ƙarfi ya yi ambaliya, ya ɗauke mako biyu ko uku a tsakiyar damina. Ba wanda zai iya cewa ga halin da za a buƙata nan da shekara ashirin. Gonar da 'ya'yanta suka bambanta tana da wanda zai tsira. Wadda duk tagwaye ne, abin da ya kayar da ɗaya ya kayar da duka.

Yanzu in dawo gida, in biya abokina bashin amsarsa. Ruwan sama da tsawon yini ba su kaɗai ne rariya ba. Ƙasa ma rariya ce, mu kuwa a Sharaɗa muna zaune a kan wata irin ƙasa da kakanninmu ba su santa ba. Kowa a nan ya san launi da warin ruwan da ke bin rafin Salanta ya gangara kogin Chalawa, kamar yadda dagwalon Bompai ke bin Getsi ya haɗu da Jakara. Jimar fata ta zamani da gishirin kuromiyam ake yin ta, ga rini, ga sauran sinadarai. A bakin waɗannan rafuka akwai lambuna, akwai kuma ciyayi da suke tsirowa da kansu.

A yankin Wales na Birtaniya akwai tsofaffin ramukan haƙar dalma da tutiya da tagulla, inda ƙasa ta gurɓace har yawancin tsirrai ba sa rayuwa. Wani masani, Anthony Bradshaw, ya lura da wata ciyawa tana tsirowa a kan tarin ƙasar ramin, ga kuma 'yar'uwarta jinsi ɗaya a makiyayar da ke gefe. A 1952 ya ba da rahoton gwajinsa: ta makiyaya idan aka sa ta a ƙasar ramin saiwarta ba ta tafiya, ta ramin kuwa tana rayuwa. Binciken da shi da ɗalibansa suka ci gaba da yi ya nuna juriyar tana bin ƙwaya, cewa tazarar 'yan taku kaɗan ta isa ta raba iri biyu, kuma mai juriyar idan aka mai da ita ƙasa mai kyau sauran ciyayi sukan fi ta ƙarfi. Kowace juriya da kuɗinta.

To, tafasar da ke tsaye kore shar a bakin Salanta, aro take yi ko gado? Tambaya ce da makarantar firamare za ta iya ɗauka da gwangwanin madara da ledar fiya-wata. Amma kafin nan ina da jan kunne, musamman ga iyayenmu mata da ke zuwa cefane. Kyan ganye ba shaidar lafiyarsa ba ce. Ruwan kwata yana ɗauke da abin da ke sa ganye ya yi kore ya yi faɗi, shi ya sa alayyafo da latas na bakin irin waɗannan rafuka sukan fi na ko'ina cika ido. Tare da haka, bincike da dama da malaman jami'o'inmu suka yi ya sami kuromiyam da dalma da wasu ƙarafa masu guba a ƙasar waɗannan wurare da cikin ganyen da aka noma a kanta. Wanki yana cire abin da ke bayan ganye, ba ya cire wanda saiwa ta zuƙa. Tsiron da ya iya zama da guba bai ɗauke wa mai cin sa komai ba. Masu lambun nan neman halaliyarsu suke yi da ruwan da suka samu. Gyaran yana can inda ruwan ya fito.

Ga yadda nake yin gwajin da 'yan ajina, ga wanda yake so ya jarraba. Malam ne da kansa zai ɗebo ƙasa da ƙwayar tafasa daga bakin rafin, da safar hannu. Kada a tura yaro, kada kuma a ci abin da ya tsiro. A samo wata ƙasar da wata ƙwayar daga gona mai nisa da masana'antu. A kasa gida huɗu: ƙwayar rafi a ƙasar rafi, ƙwayar rafi a ƙasar gona, ƙwayar gona a ƙasar rafi, ƙwayar gona a ƙasar gona. Kowane kashi a yi masa gwangwani goma, domin tushe ɗaya yana iya yi maka ƙarya. Ƙwayar tafasa tana da tauri, a ɗan goga ta a kan siminti kafin a shuka. A riƙa sauya wa gwangwanayen wuri a bakin taga don kada wasu su fi wasu shan rana. Duk Litinin yara su auna tsayi da rula, su ƙirga ganye, su rubuta. Darasin lissafi ya samu ke nan ba tare da an ce musu lissafi ba ne. Na ga yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba tana gardama da 'yan maza a kan rabin santimita.

Wanda makarantarsa ke da ɗan fili kuwa, gwajin dawa ya fi armashi, kuma kalandarmu ta dace da shi. A shuka iri uku rana ɗaya kafin hutun ƙarshen shekara: na wajen Daura ko Maraɗi, na nan Kano, da na kudancin Kaduna, kowanne kunya biyu. A roƙi maigadi ya sa ido, a yi shinge mai ƙarfi, don awakin unguwa ba su san darajar bincike ba. Da an dawo hutu a Satumba, yara su riƙa duba kunyoyin kowace safiya, su rubuta ranar da kowane iri ya fitar da kai. Kada malam ya gaya musu abin da zai faru. A bar su su yi hasashe tukuna, a rubuta hasashen kowa a bango.

Na zo da irin nan uku a cikin kwanuka, suna kan teburin da ke bakin ƙofa. Wanda yake so ya ɗibi cikin tafin hannu daga kowanne, ya ƙunshe a takarda daban-daban, ya rubuta sunan garin a jiki tun kafin ya bar wurin, don biyu daga cikinsu farare ne, idan suka haɗu ni kaina ba zan iya raba su ba. Ta kudancin Kadunar kuwa, a lambunku kawai; kada wani ya ga kyanta ya kai ta gona.